Babi na Uku: Tsofaffi da Gano Asalin Zuriya a Tsakanin Agalawan Kano

3.0 Shimfiɗa

A ƙasar Hausa ba a saba rubuta sunayen iyaye da kakanni a takarda ba, in ban da a gidajen sarauta da na Sharifai da wasu gidajen malamai. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, duk abin da ɗayansu ya sani game da tushensa daga bakin na gaba da shi ya ji shi. Saboda haka idan ana son a gano asalin wata zuriya, wurin tsofaffin gidan ake fara zuwa. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a kan sanin asali ake raba gado, da shi ake bincike kafin a ba da aure, da shi ake neman sarautar gida, kuma a wannan zamani har takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma takan dogara a kan abin da dattawa da mai unguwa suka shaida.

A wannan babi za a duba irin abin da tsofaffi suke iya riƙewa na tarihin zuriya, da abin da yakan kuɓuce musu, da kuma wanda suke sane da shi amma ba su faɗa. An ɗauki Agalawan Kano a matsayin misali, musamman gidan Alhassan Ɗantata, saboda tarihinsu na farko kusan duka daga baki aka samo shi, sannan daga baya aka rubuta, ta yadda za a iya gwada wannan da wancan.

3.1 Su Wane ne Agalawa?

A ƙarni na 19 babu fataucin da ya kai na goro ɗaukaka a wurin Kanawa. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya isa Salaga a ƙasar Gwanja, wadda take cikin Gana ta yanzu. A can ake sayen goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da na hanya da sarakuna suke karɓa.

Paul Lovejoy, wanda ya yi hira da tsofaffin fatake da 'ya'yansu a tsakanin 1969 da 1970, ya nuna a littafinsa Caravans of Kola (1980) cewa ƙungiyoyi uku ne suka fi riƙe wannan fatauci, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kambarin Barebari suna danganta kansu da Barno, kuma Gummi ce cibiyarsu. Agalawa da Tokarawa kuwa binciken ya nuna daga arewa suka gangaro, daga cikin Bugaje, wato mutanen da suke ƙarƙashin Abzinawa. Sun zauna a ƙauyukan Katsina da Kano a ƙarni na 18 da na 19, suka yi noma, suka rungumi harshen Hausa da al'adunta, daga nan suka shiga fatauci har suka zama attajirai. Masana sun danganta sunan Agalawa da wata kalma ta harshen Abzinawa mai nufin kudu, ke nan waɗanda suka baro a arewa su ne suka sa musu sunan.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka yi wannan hira. A 1969 ana iya samun tsoho mai shekara tamanin ko casa'in wanda ya bi ayarin Gwanja da ƙafarsa yana yaro. Da an jinkirta shekara ashirin, da ba a sami ko ɗaya ba.

3.2 Silsilar Gidan Ɗantata da Abin da Take Koyarwa

Labarin da aka rubuta daga bakin dangi ya nuna cewa an haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Mahaifinsa shi ne Abdullahi, ɗan Baba Talatin, ɗan Ali. Baba Talatin ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka a Madobi bayan rasuwar mahaifinsa. Abdullahi ya ci gaba da fatauci daga Madobi, daga baya ya koma Bebeji, wadda take kan hanyar ayari, kuma a can ya rasu a wajen 1885. Mahaifiyar Alhassan, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Bayan rasuwar mijinta sai ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami Ɗantata.

Wannan gajeren labari yana ɗauke da kusan dukkan matsalolin da mai neman asali zai tarar a kowane gida. Da farko dai sunan da duniya ta san gidan da shi, wanda ya bi 'ya'ya irin su Sanusi Ɗantata da Aminu Ɗantata, sunan mai riƙo ne. Wanda bai tambayi tsofaffi ba, ya dogara da yadda Hausawa suke cewa ɗan wane, zai iya ɗauka Tata ce ta haifi Alhassan, ko ma ya zaci Tata sunan namiji ne. Riƙo kuwa ruwan dare ne a ƙasar Hausa. Gwaggo takan ɗauki ɗan wanta tun daga yaye, kaka takan karɓi ɗan fari, agola yakan tashi a gidan mijin uwarsa har a riƙa kiransa da sunan gidan. Bayan shekara hamsin, in ba tsohuwar da ta ga lokacin da aka kawo yaron ba, babu mai iya bambance ɗan ciki da ɗan riƙo. Gardamar gado da yawa daga nan take tasowa.

Na biyu, daga cikin sunayen nan akwai waɗanda laƙabi ne, kamar Baba Talatin da Amarya. Kunya ce take haifar da wannan. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, iyaye ba su faɗin sunan ɗan fari. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa sai a sakaya, a riƙa ce masa Abba ko Baba, mace kuma Ummi ko Iya. A hankali sai sunan yanka ya ɓace, laƙabi ya zauna. Tsohuwa takan san sunan sarai, amma ko an matsa mata ba za ta furta ba, sai dai ta ce mai sunan wane, ko ta sa jikarta ta faɗa. Sai dai laƙabin shi ma yana da amfaninsa, domin sau da yawa yana ba da labarin haihuwar mai shi. Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Azumi kuwa watan haihuwarta ke nan. Da irin waɗannan ake gyara jerin 'ya'ya idan tsofaffi biyu suka saɓa a kan wane ne wa, wane ne ƙane.

Al'adar maimaita suna tana da wata illa kuma. Idan a gida ɗaya aka yi Abdullahi, jikansa Abdullahi, jikan jikan ma Abdullahi, to bayan wani lokaci sai su narke su zama mutum ɗaya a bakin masu ba da labari. Shi ya sa akan ji an ce kaka wane ya yi zamani da Sarki Dabo kuma ya ga zuwan Turawa yana da ƙarfinsa, alhali Dabo ya rasu a 1846, Turawa kuma sun ci Kano a 1903. Idan aka ji irin wannan, galibi mutum biyu ne masu suna ɗaya.

Na uku shi ne zurfin silsilar. Daga Alhassan zuwa Ali mutum huɗu ne. Idan aka ba kowane uba shekara talatin kafin ya haifi ɗan da ke biye da shi a jerin, haihuwar Ali za ta faɗa wajen ƙarshen ƙarni na 18, wato gab da jihadin 1804. Wannan ƙiyasi ya dace da zamanin da aka ce Agalawa suna bazuwa a ƙasar Katsina da Kano, amma bai kamata a riƙe shi da ƙarfi ba. A gidan da ake auren mace fiye da ɗaya, namiji yana iya haihuwa yana ɗan ashirin, ya kuma haihu yana ɗan saba'in, har a sami ɗa ya girmi ƙanen ubansa. Ita kanta 1877 ƙiyasi ce, tunda babu rajistar haihuwa a Bebeji a wancan zamani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, daga Ali sunayen mutane suka tsaya, sai sunan ƙasa da na ƙungiya: daga Katsina, Agalawa. Jan Vansina ya yi bayanin irin wannan a littafinsa Oral Tradition as History (1985), inda ya nuna labarin baka yakan yi yawa a kan zamanin kusa, ya kuma yi yawa a kan mafari, amma tsakiya ta zama wayam. A gidajen Hausawa da dama tsoho zai lissafa kakanni uku ko huɗu ba tare da tuntuɓe ba, daga nan sai ya yi tsalle ya ce daga Gabas aka zo, ko daga Barno, ko daga Malle.

3.3 Abin da Ba a Faɗa

Ba kowane giɓi ne mantuwa take kawowa ba. Kalmar asali tana da nauyi a wurin Bahaushe, har ma marar asali zagi ne. Don haka gida yakan fara labarinsa daga inda ya sami mutunci. Ana iya fahimtar dalilin da ya sa labarin gidajen Agalawa yakan fara daga wani gari na ƙasar Katsina, inda aka riga aka zama masu gona da dukiya, ya bar abin da ya gabaci haka. Wannan ba ƙarya ba ce, domin kuwa an zauna a Katsinar. Zaɓi ne na inda za a ɗora farkon zance, kuma kowace zuriya tana yin irinsa, har da gidajen sarauta.

Batun bauta shi ne ya fi kowane wuyar taɓawa. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Ke nan har cikin shekarun 1970 akwai tsofaffin da aka haifa cikin bauta, kuma kowa a unguwa ya san su. A gidajen attajirai da sarakuna kuma akwai kakanni mata da yawa waɗanda sa-ɗaka ne, an kawo su daga wasu ƙasashe, an sauya musu suna. 'Ya'yansu 'ya'ya ne a shari'a, suna cin gado kamar kowa, amma danginsu na wajen uwa sun yanke. Idan aka tambayi dattijo dangin kakarsa ya ce ai ita 'yar gida ce, ya sauya magana, to mai hankali ya gane. A nan akwai haƙƙi a kan mai tambaya. Abin da tsohuwa ta faɗa a ɗaka don ta yarda da jikanta, idan ya fita waje yana iya ɓata auren da ake shiryawa. Tarihin gidan Ɗantata ya zama abin sha'awa ta wannan fuska, domin gidan ya ɗauki sunan Tata a fili, kuma da shi ya yi suna.

Ta ɗaya gefen kuma akwai ƙari. Maroƙa suna riƙe da sunayen kakannin iyayen gidansu, wani lokaci fiye da 'ya'yan gidan, amma sana'arsu yabo ce, kuma ba a ba maroƙi kyauta don ya tuna wa mutum talaucin kakansa. Za a iya karɓar jerin sunaye daga bakinsu, a yi hattara da sauran.

Ko rubutu ma bai tsira daga saɓani ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Amma littafin Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta a wajen 1650 kuma Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya sa zuwan shugabansu Abdurrahman Zagaiti a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Tazarar ta kai shekara ɗari. Duka biyun kuwa labarin baka ne aka rubuta bayan an daɗe da yin abin, don haka tawada ba ta mayar da su hujjar da ta fi bakin tsoho ba.

3.4 Tsofaffi Mata

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a zaure. Maigida zai ba da jerin iyaye maza, da garuruwan da aka zauna, da sarkin da aka yi hulɗa da shi. Amma wa ya auri wa, wace ce ta fita ta sake aure a wane gari, wane yaro ne ya sha nonon wace mace har aure ya haramta a tsakaninsa da 'ya'yanta, wannan duk a cikin gida yake. Mata su ne suke zuwa biki da suna da wankan jego, su ne suke riƙe da zumunci, don haka taswirar dangi a kansu take. Ga Agalawa wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda sun yawaita aure a tsakaninsu, kuma ta hanyar aure jari da amana suke zagayawa daga wannan gida zuwa wancan. Ko a zamanin nan, dangantakar Aliko Ɗangote da gidan Ɗantata ta wajen uwa ce, domin mahaifiyarsa 'yar Sanusi Ɗantata ce. Wanda ya bi layin maza kaɗai ba zai ga wannan ba.

Littafin Baba of Karo (1954) ya isa shaida a kan abin da tsohuwa ɗaya take iya riƙewa. Mary Smith ta rubuta shi daga bakin Baba a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950. Baba ba ta yi karatun boko ba, amma ta kawo asalin gidansu na Barebari, da aure-auren danginta, da zaman rinji, da harin masu kama bayi, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, wato kimanin shekara ɗaya bayan an gama hirar.

Ita ma tambayar tana da ladabinta. Ba a shiga wa tsohuwa da takarda da alƙalami a ce Iya, faɗa mini asalinmu. Akan je da goro, a gaisa, a zauna, a fara da abin da take jin daɗin tunawa, kamar ranar da aka kawo ta gidan, da wanda ya yi mata walicci, da wadda ta yi mata uwar ɗaki. Sunaye da kansu za su riƙa fitowa. Yana da kyau kuma a ji kowane tsoho shi kaɗai kafin a haɗa su, domin a gaban wa, ƙane ba ya musu ko da ya fi shi sani.

3.5 Sanya wa Labari Shekara

Tsoho ba ya cewa an haife shi a shekara kaza. Zai ce yana goye aka yi kaza, ko ya fara azumi shekarar da Sarki wane ya rasu. Aikin mai nazari shi ne ya san waɗannan alamomi. A ƙasar Kano, yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa ya fara bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, Alu ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, Abbas daga 1903 zuwa 1919, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, wanda shi ne ya juya hankalin fataken goro irin su Alhassan zuwa gyaɗa. Yunwa ma tana da sunaye: Kakalaba a 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu a 1927, 'Yar Gusau a wajen 1942. Sai dai sunan yunwa yakan bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan, don haka sai an tambayi abin da aka ci a lokacin da sarkin da ke kan gado kafin a tabbatar wacce ake nufi.

Akwai kuma shaidun da ba su magana, waɗanda ake gwada zancen tsofaffi da su. Tsagar fuska tana nuna ƙungiyar da mutum ya fito, kuma wanzamin gida ya san askar kowane gida da yake yi wa aiki, ko da yake yanzu an bar yin ta a birane, sai a fuskar tsofaffi da tsofaffin hotuna. Wasan barkwanci shi ma alama ce: wanda Fulani suke tsokana a matsayin abokin wasa, akwai Barebari a jikinsa, kamar yadda yake tsakanin Katsinawa da Nufawa. Sunayen unguwannin birnin Kano irin su Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa suna nuna inda mazaunansu na farko suka fito. Haka nan tsohuwar gona, da makabartar da ake kai mamatan gida, da garin da ake aika goron ɗaurin aure ko da ba a san kowa a can ba yanzu.

Ga zuriyar fatake, binciken ba ya ƙarewa a Kano. Kamar yadda Amarya ta zauna a Ankara, haka fatake da yawa suka yi aure a zangunan Salaga da Kumasi, musamman bayan da Ingilishi suka ci Asante a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, 'yan kasuwa suka watsu zuwa wasu garuruwa. Akwai gidajen da rabin labarinsu yana Bebeji ko Madobi, rabi yana Gana, kuma kowane ɓangare yana riƙe da sunayen da ɗayan ya manta.

Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, ɗansa Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a 2025. Tsohon da yake da shekara tamanin da biyar a 2025 an haife shi a 1940, ke nan bai ga ayarin Gwanja ba, bai ga basasa ba, bai ga Kakalaba ba. Abin da yake da shi game da su ji ne daga kakanninsa, waɗanda aka haifa a wajen 1880. Abin da ya gani da idonsa ya fara ne daga dalar gyaɗa da zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma a wurin rubuta bayaninsa wajibi ne a raba wanda ya ce ya gani da wanda ya ce an gaya masa, a kuma rubuta sunan wanda ya gaya masan.